Mai Dogon Baki

A tsakiyar garin Enterprise, inda tituna suka sarƙe,
akwai mutum-mutumin wata mace cikin farar riga,
hannuwanta a sama kamar mai sauke tulu,
abin da ta ɗaga kuwa ƙwaro ne.
Ranar da na fara gani sai da na yi salati.
Mu a Bakori, irin wannan in ya shiga hannu
tsakanin farce biyu ake yanke masa hukunci.

Aikina a Alabama duba tarko.
Robobi ne masu launin ɗanyen lemo, kan sanduna,
a gefen gonakin auduga, kowanne da lambarsa.
In buɗe, in leƙa, in rubuta: babu.
Odell ke tuƙi, dafaffiyar gyaɗa a cinyarsa.
Damina uku ke nan muna farautar wanda ya daɗe da tafiya,
kuma ƙarshen wata a biya mu.

Ya ce kakarsa Earline ta sha tsintar tohon da ya zube,
ta cika buhu, ta ƙone, gari ya waye wani ya zube.
"Shi ya raba garin nan da auduga ya haɗa shi da gyaɗa.
Masu gona suka yi kuɗi, suka yi masa godiya a bakin titi.
Ita dai ba wanda ya tambaye ta."
Ya watsar da ɓawo ta taga.

Da dare na zaro na cikin kwalba, mushe ne tun kafin in zo,
na sa shi ƙarƙashin madubi.
Baki kamar basilla, muƙamuƙi can a tsininsa.
Da shi uwa ke huda toho,
ta juya, ta ajiye ƙwai, ta liƙe ƙofa,
ɗa ya farka a ɗakin da bangonsa tuwo ne.
Dabarar ke nan gaba ɗaya.
Masana sun ce zuriyar ta girmi fure,
kakanni sun ci daga itatuwan da yanzu sai a jikin dutse,
da furanni suka iso duniya
sai suka tarar baki ya riga su zama.
Kowace shuka da nata mai huda:
dabino da nasa, ayaba da nata,
goro ma, duk martabarsa, bai tsira ba.
An raɗa wa sama da dubu sittin suna,
galibinsu inda zafi da ruwa ke kwana gida ɗaya.
Saura suna can ƙololuwar kurmi,
ba su ma san ana ƙidaya ba.

Na masarar gidanmu ɗan'uwansa ne, na yarda.
Amma na wake, wanda Inna ke korewa da rana a kan tabarma,
ashe ba danginsu ba ne,
zaman rumbu ɗaya ne ya ja masa suna.
Wannan ya tsaya mini a rai fiye da yadda ya kamata.

Shi dai ɗan kudancin Meziko ne.
Ya ƙetare kogi ba takarda, ba hatimi,
yana bin auduga gona bayan gona har ya iso nan.
Ni wata bakwai na yi ina jiran biza.

Ran Juma'a Baba ya kira, layi na yankewa.
"Haladu, har yanzu ƙwaron kake nema?"
Na ce e.
"Ka samu?"
Na ce a'a.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Zo ka buɗe buhunmu na bara, ka huta da yawo."

Litinin, tarko na ɗari da sha huɗu, wani abu ya motsa.
Gabana ya faɗi, ban san murna ba ce ko tsoro.
Gizo-gizo ne ya samu ɗaki ba haya.
Odell ya miƙo mini gyaɗa.
Na rubuta: babu.