Ƙotar Mai Yatsu Uku

A Tandil, can ƙasar Ajantina,
inda duwatsu ke kwance kamar shanun da suka ƙoshi,
nan maƙerar babana take, a bayan gida:
rufin kwano, taga ɗaya,
da kare mai tsoron tartsatsi.

Wata Talata cikin sanyin Yuli
Nicanor Etchart ya shigo da gungume a kafaɗa,
ya yar a ƙasa, ƙasa ta amsa.
Ya ce, "Turken shingen kakana ne.
Shekara tamanin a binne,
gara ta gwada, ta haƙura."
Kebraco ake kiran itacen,
wai ma'anarsa karya-gatari.

Sai ya miƙo hannun dama.
Yatsu uku.
Sauran biyun igiya ta tafi da su
ranar da wani bijimi ya fizga, ya ƙi tuba.
"Duk wuƙar kasuwa zame mini take.
An yi su ne don cikakkun mutane."

Babana bai ce sannu ba.
Ya cura yumɓu kamar tuwo,
ya ce, "Damƙa, yadda za ka damƙi abinka."
Ya damƙa. Ya saki.
Yumɓu ya riƙe labarin,
har gurbin da babu kowa.

Ƙarfen kuwa sifirin tsohuwar mota ne.
Ni ke zuga, shi ke duka,
har ya yi ja irin na cikin kankana,
ya tsoma a mai, mai ya yi tsaki.
Amma ƙota ni ya bar wa.
Hannunsa ya fara rawa tun bara,
ko da yake a gidanmu ba a faɗa.

Haƙoran zarto biyu na zubar.
Magagari ya yi ta kuka, ni ma na kusa.
Garin itacen ja ne, ɗaci gare shi,
ya shiga hanci, ya shiga gashi,
ya shiga ƙoƙon shayin da muke zagayawa.
Kullum in aza katako kusa da yumɓu,
in naɗe yatsuna biyu, in gwada,
babana ya ce, "Ofelia, saura."
Kwana goma sha tara yana cewa saura.
Ƙusa uku na tagulla, kakin zuma, tsumma,
sai ga jijiyoyin itace sun taso
kamar an kunna fitila a cikinsa.

Muka saka ta a kube, muka rataye.
Agusta ya wuce. Satumba.
Bishiyoyi suka yi toho, mai wuƙa bai zo ba.

Wanda ya zo saurayi ne, hula a hannu,
da irin haɓar mutumin, da irin shirunsa.
Ba sai ya faɗa ba.
Ya ƙirga cikon kuɗi a kan uwar maƙera,
ya zare wuƙar, ya kama.
Ba ta zauna ba.
Yatsu biyar a ɗakin mutum uku,
biyu na tsaye a waje kamar baƙi.

Na ce, "Kawo in rage tudun nan,
aikin yini ɗaya ne."
Bai ji ni ba.
Na ga ya naɗe ƙaramin yatsa, da na kusa da shi,
a hankali,
sai ƙota ta faɗa tafinsa
kamar gaisuwa.

Ya daɗe a tsaye.
Gawayi ya huce, kare ya fito.
Ya ce, "Tun ina yaro ban yarda na riƙe hannun nan ba.
Tsoronsa nake ji.
Kada ki taɓa ta."

Yumɓun na nan a kan taga, ya tsage.
Babana kan ɗauka wani lokaci
ya sa hannunsa a ciki,
wai a nan kaɗai rawar ke tsayawa.