Kujerar Dama

Na buɗe littafin tashina kan teburin Hamajoda,
a Garwa, ƙarƙashin fankar da ke tari.
Ya lashi yatsa, ya fara juya shekaruna.

Sa'a ɗari tara bisa gonakin auduga,
ina feshi, fiffike na gaida kan giginya.
Ya ce, "Inji ɗaya ne, kuma kai kaɗai a ciki."
Ya ja jan biro.

Daren da na ɗauko mai naƙuda daga bakin Lagone fa?
An jera fitilun babura a gefen fili,
na sauka, hadari na bina kamar mai bin bashi.
"Wa ya sa hannu?"
Shaidata tana aji uku yanzu,
ba ta da hatimi.

Doka na son jirgi mai matuƙa biyu,
mai nauyi, mai fasinja da tikiti.
Ban yi musu ba.
Na san layukan nan, wasu bayan jana'iza aka rubuta su.
Amma mudu bai san zufar manomi ba.

Gobe da asuba, Garwa zuwa Njamaina.
Ni a dama, igiya uku a kafaɗa,
Kyaftin Jibirilla a hagu, na girme shi da damina shida.
Tsakaninmu taƙi biyu,
da sa'a ɗari huɗu da sha ɗaya.

Binuwai za ta miƙe a ƙasanmu, ba ruwanta da lissafi.
In mun sauka in rubuta: sa'a ɗaya, minti biyar,
in miƙa masa biro.