Kabad ɗin Kaka Ilu

A gwanjon Haraj na Jidda ya tsinto shi,
baƙin katako, fuska duk tudu da kwari
kamar da fushi aka sassaƙa shi.
Ƙarti huɗu suka hau da shi bene,
ɗayansu har yau yana dafe da ƙugu.

Inna ta ce, "Wannan ai kabari ne a tsaye."
Amma ciki ta adana turaren wutarta,
da fasfon da ya mutu tun ban zo duniya ba,
da kofunan shayi shida, ɗaya ba mariƙi.

Jiya mai gidan haya ya ce mu tashi.
Mun kwashe komai.
Shi kuwa ko gezau,
sai ka ce Kaka ne ya harɗe ƙafa:
ba inda za ni.