Abin da Masai Ya Riƙe

A Lübeck, da aka rushe tsohon shagon takalma,
masu haƙa suka ci karo da bakin rami
ɗaure da katako, baƙi ƙirin,
shekara ɗari bakwai a rufe.
Hauke ya leƙa, ya toshe hanci, ya yi dariya:
"Wiebke, har yanzu da sauran magana a bakinsa."

Rabona ya iso a 'yar kwalba,
bai kai cikin cokali biyu ba.
Na jiƙa, na tace, na sake tacewa,
na ɗiga ɗigo ɗaya bisa gilashi,
na sunkuya kan madubin da ke mai da ƙura duwatsu.

Ga su nan kwance, ruwan ƙasa-ƙasa,
ƙwan tsutsar ciki, kamar tulu mai marfi biyu.
Na ƙirga arba'in, wuyana ya ƙage,
na miƙe, na dawo, na ci gaba.
Ga na tsila, wadda ke shigowa da kifi
in wuta ba ta ratsa shi ba.

Kundin birni ya san mai gidan:
Godeke, falken gishiri, mai jirage uku.
An rubuta gangunansa,
an rubuta kyandiran da ya kai coci,
har kuɗin da ya bar wa gwauruwar ƙanensa.
Ba wanda ya rubuta daren da ya kwana dafe da ciki,
yana juyi, yana zargin baƙin jini da sanyin kogi,
alhali rijiyarsa da masansa
taku tara ne tsakaninsu.
Na auna da ƙafata.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne.
Wannan kuwa gaba huɗu ya yi,
bai ɓoye wa kowa komai ba.
Mai gida da baranya da yaron jirgi
duk nan suka tsuguna,
ƙasa ta gauraya su, ba ta tambayi mai zobe ba.

Ranar Laraba na koma kan bununi.
Na hatsin burodi ya fi yawa, kullum shi ne,
sai na furannin jeji da ƙudan zuma ya kwaso,
wato wani ya lashi zuma a gidan nan,
ƙila yaro ne, ƙila a ɓoye.
Can gefe, ƙwaya ɗaya tak mai kusurwa uku:
kanumfari.
Na daɗe ina kallonta.
Teku nawa ta haye, hannu nawa ta wuce,
raƙumi, kwalekwale, sikelin dillali,
don ta ƙamsasa miyar dare ɗaya
ta ƙare a nan?
Komai nisan jifa.

Da yamma na wanke hannu har sau uku,
ruwa mai tsabta yana zuba kamar ba kowa ya sha wuya kafin a same shi.
Na soya kifi, na bar shi ya daɗe a kasko
har gefensa ya soma ƙonewa.
'Yata Frauke ta yamutsa fuska:
"Yau ma kashin mutanen dā kika wuni dubawa?
Me kika gani?"

Na ce, "Sun ci, sun ƙoshi, cikinsu ya murɗa.
Wani cikinsu yana son zuma.
Ci abincinki."