Numfashin Kalwa

Ƙarfe biyun dare, masana'antar gefen Auyo.
Dusar shinkafa na kwance a faranti arba'in,
da ɗan danshi, ba sharkaf ba:
in ka dunƙula ta kama, in ka taɓa ta warware.
Aikina ɗaya ne, gadin allura
mai faɗin yawan iskar da ke ratsa dusa.

Injiniya Tsalha ya rubuta a bango da alli:
in ta sauka ƙasa da jan layi, ƙara iska;
in ta hau, rage.
Ya ja babur ya tafi barci.

Goggo Yalwa ba ta da allura.
Takan dafa kalwa yini guda,
ta surfe da toka, ta wanke a ruwa uku,
ta juye a kwando, ta shimfiɗa ganye,
ta ɗora tsohon buhu, ta bar gefe ɗaya a ɗage
kamar mai lulluɓe jariri.
Na taɓa danne buhun da dutse don in taimaka.
Ta make mini hannu:
"Kai, mai rai ce! Ka toshe mata hanci, ta ruɓe.
Ka yaye ta, ta bushe.
Daddawa ba ta son mugu, ba ta son sakarai."
Kwana uku sai ta tura hannu cikin ɗumin,
ta ja yauƙi tsakanin yatsu, ta shinshina,
ta ce da saura, ko ta ce a kawo turmi.

Uku saura kwata inji ya yi tari, ya mutu.
Fanka ta tsaya. Allura ta kwanta.
Na kira Tsalha sau biyar, waya a kashe.

Na cusa hannu a farantin farko.
Zafi ya wuce na jikin mutum.
Na buɗe tagogi, na riƙe tocila da haƙori,
na bi su ɗaya ɗaya ina juyawa,
ina bar wa kowanne gefe ɗaya a ɗage.
Na talatin da bakwai ya riga ya yi tsami.

Da hantsi farin gashi ya rufe sauran
kamar audugar da ta fashe a gona.
Tsalha ya buɗe littafi, ya ga layi biyar babu lamba.
Ya ce, "Me zan rubuta a nan?"
Na miƙa masa tafin hannuna.
Ya shinshina, ya yi shiru,
ya tambaye ni ko wane ƙauye ne namu.