Lamba Tamanin da Huɗu

Daga Kumasi na taso, kwana biyu cikin mota,
ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi ta.
Yamai ta tarbe ni da rana mai sara kamar gatari
da burodi dogo, siriri, sandar makiyayi.

Direban taksi Buzu ne, Agali, baki cikin rawani.
Na ce nawa? Ya ce dala arba'in.
Na tsaya ƙirga yatsu, ya yi dariya har rawanin ya motsa:
“Baƙuwa, kuɗin Faransa ta bari,
lissafin kuwa namu ne.”

A Katako harsuna sun fi tattasai yawa.
Bazabarmiya ta ce mini fofo,
Bafillace na taya tabarma bai ɗaga murya ba,
wata ƴar Togo, Afi, ta zuba mini acake da kifi,
ta ce shekara talatin tana nan,
kuma a nan za a rufe ta.
Hausata ta zango ta ba su dariya.
Ni ma tasu ta ba ni, har na ji wani ya ce “mi kika so?”
sai dariyar ta tsaya mini a wuya:
muryar kakana ce, sak.

A gidanmu an ce Arzika goro ya bi zuwa Kurmi,
fatake suka ja shi, kasuwa ta riƙe shi.
Ba'adare ne, mai ƙarancin magana.
Ba ya son a taɓa masa kafaɗar dama.
Ko mu jikoki, in mun ɗare,
sai ya sauke mu a hankali, ya nemi butarsa.

Gidan ajiyar takardu na Filato,
inda itatuwan maɗaci suka jeru
kamar sojan da aka manta ba a sallama ba.
Madam Hamsatu ta ɗauko kundi,
gara ta riga ni karanta gefensa,
tawada ta koma ruwan shayi.
Na ci littattafai da Turancin Ingila,
ga sunan jinina a gabana, ya gagare ni.
Nasara biyu suka ɓare mu kamar goro,
ɓari nan, ɓari can,
kowa da harshen da aka tauna shi da shi.

Ta sa yatsa, ta bi layi:
“Arzika ɗan Nomau. Lamba tamanin da huɗu.
Daga Tawa, a ƙasa.
Garinsu bai cika lanho ba.
Ɗaukar dutse. Wata bakwai.”
Sai kalma guda, da jan alƙalami.
Ta cire tabarau, ta goge shi da bakin mayafi,
ta daɗe tana gogewa.
“Ya tsere,” in ji ta.

Ashe ba goro ba ne.

Na fito ina duban gine-gine masu kaurin bango.
Wanne? Babu mai sani.
Wani tsoho mai gadi, Saini, na hura gawayin shayi,
ya ga ina shafa katanga kamar mai neman ƙofa.
Bai tambaye ni ba. Ya miƙo ƙaramin kofi,
ya ce, “Na farko ɗaci ne da shi. Daure.”

Da almuru jemagu suka tashi daga maɗatai,
baƙi ƙirin, suka nufi ƙetaren Isa.
Na sauka bakin ruwa.
Kwale-kwale ya iso maƙil da kabewa,
samari na jefa wa juna, ɗaya bayan ɗaya,
wannan da Zabarmanci, wancan da Hausa,
ana tsokana, ana ƙirgawa,
da yamma kowa zai karɓi ladansa.

Na tsaya har aka kira isha'i a Harobanda.
Takardar da Madam ta kwafa mini tana cikin jaka,
ban san yadda zan faɗa wa Inna ba.
Sai da sauro ya dame ni na lura
tun ɗazu hannuna na hagu
yana kan kafaɗata ta dama.