Takardar Magani

Tun la'asar Sahura ke dafe da mara.
Inna ta ce na huɗu ne, ta san hanya,
aka jiƙa saiwa a ƙoƙo, ta sha.
Aka ce a jira Nomau, shi ke da ta cewa.
Nomau na kasuwar Jibiya,
wayarsa kuwa ba ta shiga.

Bayan isha jini ya ɓalle.
Ni ƙanenta na ɗaura wa shanu amalanke,
muka shimfiɗa tabarma, muka ɗora ta.
Gulbi ya kawo a daren nan.
Muka tsaya bakinsa muna jin rurinsa,
sa ɗaya ya ƙi taka ruwa.
Na doke shi, Allah ya yafe mini,
dabba ce, ba ta san ana sauri ba.

A ƙaramar likita, sajifam ta haska fitilar waya,
ta duba, ta girgiza kai.
Ta ce wannan sai Maraɗi.
Mota na nan ƙarƙashin bedi,
mai ne babu.
Jika goma sha biyar.
Ƙofa huɗu na buga cikin dare
kafin Mantau mai shago ya karɓi akuyar Inna jingina.

A hanya ta kama hannuna,
ta ce Ɗan Ladi, ka rufe kajina kuwa?
Na ce na rufe.
Ban rufe ba.

Da kiran assalatu muka shiga birni.
Mai farar riga ya ce ina kuka tsaya?
Na buɗe baki, na rasa ta inda zan fara.
Ya rubuta takarda, ya ce ruga, sayo,
a nemo kuma mai ba da jini.
Na ruga. Farmasi na farko a kulle.
Na biyu babu canji.

Da na dawo da leda a hannu
an lulluɓe ta da zanen da ta ajiye don ranar suna.

Yarinyar ta zo da rai.
Nonon akuyar nan take sha,
Mantau ya maido ta, bai ce komai ba.

Masu gaisuwa sun ce kwana ne ya ƙare.
Na ce haka ne, ba na ja da Mai Sama.
Amma in dare ya yi ina ƙidaya:
la'asar, isha, bakin gulbi, ƙofa huɗu.

Takardar tana aljihuna har yau.
Ban iya karatun boko ba.
Zufa ta fara cinye rubutun.